Jakin da Ya Tona Asirinmu da Kaka

Bari in fara da laifina. Sati biyu cur na yi ina ɓata wa kakata magani, ina kuma jin duk Dogon Dutsi ba jikan da ya kai ni tausayi.

Ina ɗan shekara goma sha uku ƙafafun Kaka suka fara yi mata gardama. Da ta ɗan taka sai sha-raɓarta ta ɗaure, ta tsaya cik a tsakiyar hanya tana duban sama kamar mai neman jinjirin wata. In ta huta, ciwon ya sake ta. A asibiti lokotoro ya ce jini ne ba ya isa ƙafafun yadda ya kamata, kuma ban da ƙwayoyi, maganin tafiya ce: ta yi ta takawa har ciwon ya kama, ta huta, ta sake tashi. Kaka ta ce tunda aka haife ta ba ta taɓa jin an yi wa mai ciwon ƙafa magani da yawo ba.

Sai dai tana da 'yar gonarta ta gujiya a bayan dutsi, wadda tun tana amarya ita ke shuka ta da hannunta. Baba ya ce in ba ta iya kai kanta can ba kafin ruwan shuka, zai ba wani aron gonar. Shi ya sa ta yarda. Ni aka ɗora wa rakiyarta da ɗaukar 'yar kujerar da za ta riƙa hutawa a kai, kullum da safe kafin in tafi lakwal karatu.

Ranar farko, ko wurin mai ƙosai ba mu kai ba ta tsaya tana cije leɓe, gumi na bin wuyanta. Wani mai moto ya taka birki.

"Kai yaro, gidanku ba kunya? Tsohuwa kamar wannan a ƙasa?"

A garinmu ba a barin babba ya wahala ana kallo. Kashegari na shirya da maƙwabcinmu mai amalanken jaki. Da mun sha kwana sai mu ɗora Kaka, mu zagaya unguwa a sauke mu. Ita kuwa ta shiga gida tana haki kamar tun daga garin Matankari ta tako.

Jakin ne ya kashe mu. Wata safiya Baba ya ce zai raka mu. Muna shan kwana, jaki ya zo ya tsaya daidai gaban Kaka, ya kafe. Mai shi ya yi ta bugu, ya ƙi motsi sai ta hau.

Baba bai buge ni ba. Da muka koma gida ya kama hannuna ya aza a kan ƙafar Kaka. Lokacin bazara ne, ƙasa na ƙuna, amma ƙafar nan sanyi ƙalau kamar gindin randa. Na kasa ɗaga kai.

Da safe Kaka ta kira ni da sunan wasan da take kirana.

"Maigida, ɗauko kujera. Yau ko na yi kuka, toshe kunnenka."

Ta yi kukan, ni ma na taya ta. In ciwon ya kama sai in aje kujera, ta zauna tana zagin lokotoro da jaki, ya lafa mu tashi. Masu moto suka yi ta tsayawa, ina ba su haƙuri har bakina ya bushe. A hankali wurin zaman farko ya matsa daga mai ƙosai zuwa famfo, daga famfo zuwa wata kuka a bakin gari.

Ran da ruwan shuka ya sauka, ƙasa na ƙamshi, Kaka ta kai gonarta da ƙafarta, bayan ta zauna sau huɗu. Layi biyu ta shuka tana rufe ramuka da diddige, muka ƙarasa mata sauran. Ciwon bai rabu da ita ba har yau, tafiyar ma ba ta daina ba. Gonar kuwa ba a ba kowa aro ba.