Yaya Sule da Mujallun Cikin Firij

Duk wanda ya taɓa zuwa gidanmu a unguwar Anbariyya ta Madina ya san Yaya Sule zai amsa maka sallama, amma ba zai ɗago ku gaisa ba sai ya gama ƙirga kifayensa. Kana tsaye a ƙofa, shi yana durƙushe gaban akwatin gilas yana bin su da yatsa. Sha ɗaya ne. Jiya ma sha ɗaya ne. Ka yi tari, ya koma farko.

Ni ce ƙanwarsa Asabe. Tun rasuwar matarsa nake riƙe masa gida, tun muna Yanbu yana tuƙa motar ma'aikatan matatar mai. A can ya shiga ƙungiyar masu kiwon kifin ado. Manyan maza da gemu, 'yan Sudan, 'yan Masar, 'yan Indiya, su taru ranar Juma'a suna gardama a kan kifin da ko miya ba zai ba ɗanɗano ba. Har mujalla suke bugawa. Da ƙungiyar ta watse kowa ya koma ƙasarsu, sai ya zama Yaya kaɗai ke da mujallun cikakku, tamanin da huɗu.

Da muka dawo Madina ya ga zafi yana gasa takardun suna kakkaryewa, sai ya naɗe su a leda ya jera a firij. Naman layya gidan maƙwabta na kai ajiya.

Na ce, "Yaya, firij fa na abinci ne."

Ya ce, "Asabe, in nama ya lalace akwai wani ragon. Wa zai haifa mini lamba ta tara?"

'Yarsa Hajara, wadda za ka yi wa Hausa ta mayar maka da Larabci, ita ta kawo na'urar ɗaukar hoton takardu. Ta ce za ta zuba mujallun a kwamfuta ta sa a intanet, tsofaffin abokansa su gani, ni kuma in samu firijina. Wata biyu yana ƙi kafin ya miƙa ta farko.

"Halas, Baba, ta shiga."

"Ta shiga ina? Ga ta a hannuna."

"Hotonta ne ya shiga."

"To ya fito in ga ko lafiya ya shiga."

Ta buga masa a sabuwar takarda. Ya duba shafi-shafi, ya yaba, ya naɗe a leda, ya sa a firij. Kowace mujalla haka. Kafin a kai ta talatin har gidan ƙanƙara ya cika.

A ta arba'in da ɗaya aka tarar shafin tsakiya babu. Ya zaunar da mu kamar alƙali. Ban ɓoye ba.

"Ni ce. Bara na naɗe wa Hajiya Mairo turaren wuta da shi, ta tafi Kano."

"Duk takardun gidan nan sai wannan?"

"Sai da na duba. Ba hoton kifi ko ɗaya. Ni da ban san baƙi ba, na ce wannan ba kowa a ciki."

Bai yi faɗa ba. Kwana uku dai ta bakin kifi yake mini magana. Ina tsaye a kansa zai kalli gilas ya ce, "Ku gaya wa Asabe gishiri ya yi yawa."

Daga nan ya hau waya. Hajiya Mairo ta ce ta ba surukarta turaren. Surukar tana Damagaram, ta shimfiɗa takardar a ƙasan kwano. Babu mai niyyar Umara daga can da Yaya bai aika wa saƙo ba. Ya kuma hana Hajara sa komai a intanet. Ana haka ciwo ya kwantar da shi. Da jikin ya fara tsanani, ta roƙe shi ya bari abokansa su gani yana da rai, ya ce ba zai fitar da mujallunsa gaban mutane da giɓi ba.

Kwana goma sha biyu da binne shi takardar ta iso a jakar wata baiwar Allah, duk mai, tana ƙamshin turare. Hajara ta fara karantawa sai dariya. Ashe rubutun Yaya ne: shawara ga mai kifi da ke zaune da ƙanwar da kullum take cewa za ta soya su. A ƙasa ya ce wata ukun da ya taɓa yi a asibiti, ƙanwar nan ce take canja musu ruwa a ɓoye, ko ɗaya bai mutu ba, kuma kada kowa ya gaya mata cewa shi ya sani.

Na ce wa Hajara ta ɗauki hoton shafin haka da mansa, kada ta goge komai. Tamanin da huɗu sun cika, abokansa suna ta aiko da gaisuwa daga ƙasashensu.

Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi daga ruwan Kausara. Mu kuma ya kyautata namu zuwan.