Dutsen da na ci dambu a kai

Na baje dambuna kan wani faffaɗan dutse ina ci, sai 'yata Rabi ta dawo daga ajiye mota, ta ɗora hannu a ka.

Daga unguwarmu ta Bronx, a ƙasar Turawa, ta kawo ni ganin ƙananan garuruwan wani kwari na bakin teku. Na ga ciyawa shar, ga furanni, na ce lambu ne.

"Inna, tashi! Kabari ne! Ga sunan matar a rubuce!"

"Yo ni boko na yi? Na zaci ado ne!"

Innalillahi! Har mai ya ɗiga mata. Na goge da bakin mayafina.

Jama'a, wadda ta riga ta tafi, ta ina ake neman yafiyarta?