Rabi, Wadda Ta Ƙi Ɓoye Magani a Koko

Kullum da safe, kafin ta hura wutar waina a ƙofar gidansu da ke unguwar Ali Kazaure, Rabi takan shimfiɗa tabarma ta zauna gaban yayanta Gwadabe. Ƙwayar magani na tafin hannunta, kofin ruwa na gefe. Ba ta tura masa. Jira take ya ɗauka da kansa. Wata rana minti biyu, wata rana har masu sayen waina su gaji su tafi.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Gwadabe tela ne a unguwar Laranto kafin ya fara jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, yana cewa ana sa masa guba a abinci. An yi hayaƙi, an sha rubutu. Rabi ce ta kai shi asibiti, inda wata nas, Mama Loyis, ta fahimtar da ita cewa ciwo ne kamar hawan jini: ana shan magani ya lafa, ana dainawa ya dawo.

Mu maƙwabta ba mu kyauta mata ba. Wasu sun daina sayen wainarta, wai hannun da ke taɓa mahaukaci ne. Mai neman 'yarta ya janye, danginsa suka ce abin a jini yake.

Ni kuwa da shawara na yi nawa kuskuren. Bara Gwadabe ya ji sauƙi, ya ce ya warke, ya ƙi magani kwana huɗu. Na ga ya fara sunsuna abinci, tsoro ya kama ni.

"Yaya Rabi, ki daka maganin ki zuba masa a koko mana," na ce. "Wa zai sani?"

"Malam Jabir, mutumin da ciwonsa ke gaya masa ana sa masa abu a abinci, ni kuma sai in sa? Ran da ya ji ɗaci, a hannun wa zai ƙara cin abinci?"

Har yau ina juya maganar a raina. Da ya ƙi har ƙarshe fa? Ban sani ba. Na dai san a rana ta biyar ya miƙa hannu ya ɗauka.

Ke ce, Rabi, kika zauna da yunwar ciniki da surutun unguwa, ba ki taɓa yi wa marar lafiya ƙarya ba. Mai haƙurin tabarma, Allah Ya saka miki.

Abin da ya sa nake rubutu yau shi ne, ranar Litinin za a yi wa Rabi aikin ido, za ta kwana uku a asibiti. Gwadabe bai taɓa karɓar magani a wani hannu ba. Na ce zan zauna a madadinta, jiya na je koyo.

Gwadabe ya kalle ni ya daɗe. "Kai ne mai shawarar koko?"

Ashe ta gaya masa tun bara. Ba ta ɓoye masa komai.

"Ni ne, Malam Gwadabe."

"To ka zo da wuri. Kuma kada ka zo mini da koko."

Ya yi murmushi, amma a hannunta ya ɗauki maganin, ba a nawa ba.

Mun gode, Rabi. Mutanen unguwa, wanda ba zai iya zaman tabarma ba, in ta dawo ya zo ya sayi waina, ya gai da Gwadabe da sunansa. Ni dai Litinin da safe zan buɗe tafin hannuna in jira.