Rezar da Ta Ka da Ƙadri Wanzami

Yayana Ƙadri bai taɓa son reza ba, kuma kaf kasuwar Kanan-Bakashe an san haka. In kana son ka ga ransa ya ɓaci, ka zauna gabansa ka ce wane ya yi aski da reza. Sai ya ajiye aska, ya dube ka sheƙeƙe, ya ce, "Wannan ba aski ya yi ba, karce kansa ya yi." A wurinsa reza kayan yanke farce ce da tsaga ƙurjin jaki. Aska kuwa gado ce, tana da dutsen wasawa, tana da fatar gogewa, tana da addu'ar da ake yi mata kafin ta hau kan mutum.

Ni ce Habsatu, autarsu. Shi ya rene ni, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Babanmu ya rasu a fari da yunwar saba'in da huɗu, shekarar da soja suka fara karɓar mulki, ya bar wa Ƙadri zabira da askake uku da bakuna biyar na ciyarwa. Lokacin Ƙadri na da shekara sha bakwai. A farin tamanin da huɗu maza suka watse kudu neman abinci, shi ya ƙi tafiya. Ya ce in kowa ya tafi wa zai aske jarirai ranar suna? Haka ya riƙa bin ƙauyuka da ƙafa, a ba shi tafin dusa ko a ce Allah ya saka, ya dawo yana fara'a kamar an ba shi sa. Taurin kai gare shi, wallahi, amma hannunsa sanyi. Yaro na barci zai aske shi tas bai farka ba.

Matarsa Zara'u ta riga mu gidan gaskiya, ɗiyansa biyu mata suna gidajen mazansu can wajen Mayahi. Ni ma da mijina ya rasu sai na tattaro na dawo gidansa. Muka zauna mu biyu, ina dafa mishi, yana kushe miyata, ina rama wa.

Ciwon ya fara ne a shekarar dubu biyu da goma, bayan daminar da ba ta ba mu ko buntu ba, a watan da rediyo ta ce soja sun sake karɓa. Kansa ya sara ta hagu, ya yi amai, idon ya yi ja ya taurare kamar goriba. Muka ce iska ce, muka yi turare, muka yi tofi. Da ciwon ya lafa, idon hagu ya tafi ke nan. Ya ɓoye mini cewa na dama ma ya fara hazo. Ban sani ba sai ran kasuwa, da ya yanki kunnen Ɗan Baba mai kanwa. Ɗan yanka ne, Ɗan Baba har dariya ya yi, amma Yaya ya naɗe zabira tun kafin azahar ya dawo gida.

"Habsi," ya ce, "shekara talatin da shida ban taɓa fidda jinin da ban yi niyya ba."

Muka sai da karsanar da ta rage mana, a shekarar da karsana ba ta kai buhun hatsi daraja ba. Muka hau mota zuwa Tasawa, daga nan muka ƙetara iyaka sai Kano, wani asibitin ido da kowa ke yabo. Lokotoro, wato babban likita, ya haska shi, ya auna, aka ɗiga mishi magani aka ce ya zauna a benci waje ya rufe ido. Ni aka kira ciki. Wata ma'aikaciya ce ta yi mini bayani, ga layi ya cika har bakin ƙofa, tana magana tana rubutu. Ta ce na hagu ya mutu, sai haƙuri. Na dama ruwa ne ya toshe a ciki yana danne jijiya, kuma in ba a buɗe mishi hanya ba shi ma zai bi ɗan'uwansa. Ta ce jibi za a huda shi da leza, ɗan ƙaramin rami, ko minti goma ba za a yi ba.

Leza ta ce. Ni reza na ji. Ban taɓa jin wata kalma leza ba a duniya, sai na ɗauka bakin 'yan boko ne ke lanƙwasa ta. Ta ɗago kai ta ce, "Mama, kin gane?" Kai, wannan tambaya! Da na ce a'a, da yau ba wannan labarin nake ba ku ba. Amma na ga matan birni biyu a bayana suna kallon zanena da takalmin robana, na ce ba za a maishe ni baƙauya ba. Na ce, "Na gane sarai."

Na fito na durƙusa gabansa. "Yaya, sun ce huda idon za su yi."

"Da me?"

"Da reza."

Ya buɗe idon da aka ce ya rufe. "Da me kika ce?"

"Reza, Yaya. Wai minti goma."

"Reza? A idona? Ni Ƙadri ɗan Mahaman?" Ya miƙe yana laluben sandarsa. "Abin da ban yarda ya hau kan ɗan wani ba shi za a cusa mini a ido ɗaya tilo? Minti goma! Ko kaciya ba a yi mata wannan gaggawa. Tashi mu tafi."

Wani tsoho a bencin ya yi dariya ya ce wanzami ba ya son jarfa. Ni na hayayyaƙo mishi, na ce in shi yana son a fafe idonsa kamar ƙwarya ga ƙofa nan. Ban lallashi Yaya ba, ban ce mu koma mu tambaya ba. Ni na ɗaukar mishi jaka, ina gaba ina zuga shi, ina jin kamar na ceto shi daga mahauta. Muka sayi maganin ɗigawa da aka rubuta, muka kama hanyar gida a ranar.

Maganin ya riƙe shi wata biyu. Da ya ƙare ana tsakiyar bazara, mutane na layin rabon hatsi, wa ke ta ido? Damina ta faɗi, ya fita shuka yana bin sawuna. Ana noman farko ciwon ya dawo, kwana uku yana riƙe da kai. Na kai shi gidan likita na Kanan-Bakashe wajen majo Cha'ibu, shi ne babban ma'aikacin wurin, na miƙa mishi takardar Kano da na ƙulle a leda. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Inna, me ya hana ku tsayawa a yi aikin?"

Na ce, "Haba majo, da hankalinmu za mu bari a sa mishi reza a ido?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Wace reza? Leza aka rubuta. Haske ne, Inna. Wata na'ura ce ke harba haske siriri. Ba wuƙa, ba ƙarfe, ko jini ba ya fita. Zama zai yi a kujera ya tashi."

Na juya, Yaya na zaune a bakin gado ya ji komi. Na jira ya zage ni, wallahi na so ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan ya sauke mini. Sai ya ce a hankali, "Haske, majo?" Majo ya ce haske. Ya gyaɗa kai, ya ce, "To, Habsi, kama ni mu je gida."

Sai bayan girbi muka samu halin komawa Kano. Lokotoro ya haska idon, ya daɗe, ya kashe fitilarsa. Ya ce jijiyar ta bushe, leza ba ta ta da matacce. Na tambaya har sau uku, ni da ban iya tambaya sau ɗaya ba lokacin da take da amfani.

Har yau bai taɓa ce mini ke kika ja ba, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. In na fara kuka sai ya ce miyata ce ba gishiri, wai in je in zuba hawayen a ciki. Zabirarsa na rataye a ɗaka, duk Juma'a yakan sauko da ita ya wasa askake da lalube, ya mayar.

Sumarsa ta taru har ta fara dame shi, ga shi duk yankin ba sauran mai aska. Ran kasuwa na ja shi rumfar Gajere, wanda ke aski a inda Yaya ya saba zama. Gajere ya rikice, ya shimfiɗa mishi buzu, ya jiƙa mishi kai, ya juya baya yana ɓare takarda a hankali don kar a ji. Amma kunnen makaho ba ya barci.

"Gajere, reza ce?"

"Ita ce, Baba. Sabuwa ce fil. In ba ka so sai in…"

Yaya ya sunkuyar da kai, ya dafa gwiwoyinsa.

"Aske, ɗana," ya ce. "Ni da ita mun gama faɗa. Ta ka da ni ba ta ko taɓa ni ba."