Durƙuson Turawan Da

Ranar wata Juma'a, lokacin baje kolin Pazhou, ina ɗan shekara goma, falonmu na unguwar Sanyuanli a ƙasar Sin ya cika da baƙin Kano. Na dawo daga makaranta na tarar da su zaune kan dilolin kayan kasuwar Canaan suna cin tuwon Mama. Sai na bi su a tsaye ƙiƙam, ina miƙa hannu ina kallon tsabar idonsu, yadda malamarmu Baturiya ta koya mana. Baƙin suka bi ni da kallo. Da suka watse, Baba ya ce ƙarshen wata za su tafi da ni Kano wurin yayansa. Mama ta shige kicin tana kuka, ni kuwa da shegen taurin kai na kafe cewa Turawa ba sa durƙusa wa kowa.

Maƙwabcinmu Malam Isufu, dattijo ɗan Damagaram mai aika kaya Yamai, shi ya roƙi a ba shi ni ranar Lahadi. Bokon Faransanci ya yi, kuma ba shi da hira sai tarihin Turai. Ya kai ni Shamian, unguwar tsoffin gidajen Turawa a bakin kogi, muka leƙa wani coci ta ƙofa. Ya nuna min katakon da ke gaban kowane benci, duk ya yi sulɓi saboda gwiwoyi. Muna tafe ƙarƙashin itatuwa yana ba ni labarin mayaƙansu masu sulke, waɗanda ba a ɗaura wa takobi sai sun durƙusa, da 'ya'yan manoma masu cire hula a gaban uba. "Kakannin malamarka sun san girma, ɗana," in ji shi. "Jikoki ne suka yar, kai kuma jikokin kake kwaikwayo."

Da yamma na durƙusa gaban Baba na gaishe shi. Ya dube ni, sannan ya aike ni sayo burodi. Ba a ƙara zancen Kano ba.

Yau ni ke da shago a kasuwar Shahe, yaran Sin suna ce min lawban, wato maigida. Malam Isufu ya rasu a Damagaram, Baba ya koma gida, tsaransu ma haka. Ina kewarsu ƙwarai. Ran salla nakan duba sahu in ga mu ne manya yanzu, babu sauran wanda zan durƙusa wa.