Faifan Birki Mai Jan Fenti

Ni na zaɓe su da hannuna, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba.

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun irinmu, ina koyarwa a wata firamare ta mishan a Muchia, cikin Sabon Gari, gidanmu kuma yana Samaru. Maigidana yana aiki a Abuja, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Ya bar mini tsohuwar motarsa, ni da 'yata mai shekara shida, wadda take aji ɗaya a makarantar da nake koyarwa. Kullum safiya mu biyu ne a kan titin nan, mu ratsa Kwangila tsakanin tireloli da tankokin mai, mu dawo da rana tsaka. 'Yar nan ita kaɗai Allah ya ba ni, sai da na shekara tara ina jira. Shi ya sa da birkin motar ya fara kuka, ni ma hankalina ya tashi.

Da ƙara ya fara, ƙiii, har masu tallan rake suna waiwayowa. Daga baya in na taka sai sitiyari ya riƙa rawa a hannuna. Wata Talata motar itace ta tsaya a gabana ba zato, na taka, motata ta ci gaba da tafiya kamar ba da ita nake ba. Da ƙyar na kauce gefen titi. Yarinyar ta zamo daga kujerar baya, leɓenta ya fashe. Ban ko biya gida ba, kai tsaye na wuce wurin makanikenmu.

Dattijo ne, garejinsa na ƙarƙashin wata darbejiya a bayan kasuwar Samaru, kowa Baba yake ce masa. Ya kwance tayar gaba ya nuna mini. Takalman birkin sun cinye har ƙarfe, faifan da suke kamawa kuwa, wanda makanikai ke kira dis, ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa.

"Malama, duka za a canza, dama da hagu," in ji shi. "Ki bari gobe in shiga Sabon Gari in zaɓo miki."

"Haba Baba, ni da nake Sabon Gari kullum? Ba ni tsohon in je da shi a gwada."

Ya dube ni, ya san halina, bai ja ba. Ya naɗe mini tsohon faifai ɗaya a takardar siminti, na bar yarinyar a wurinsa, na hau acaɓa.

Mai shagon kayan gyaran wani Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa sauri. Ya zubo mini faifai kala-kala a kan tebur, na Beljiyam da aka riga aka mora, da wasu sabbi masu ƙyalli amma ba nauyi. Babu wanda ya kwanta mini. Ni kuwa 'yar kasuwa ce ta haife ni, tun ina ƙarama na san mai kyau a ƙurya ake ɓoye shi, na gaban tebur na marasa wayo ne. Sai na kutsa kai cikin shagon ba tare da an ce in shiga ba. Can ƙarshe, a wata kanta ita kaɗai, na ga faifai biyu an ɗaure su da waya tare da takalmansu. Masu nauyi ne, sumul, ko ƙarzuna babu. Kowanne an ɗiga masa jan fenti a tsakiya.

"Waɗannan nake so."

Mutumin ya daina murmushi. "Madam, wannan ba naki ba ne."

Nan fa zuciyata ta hau. Ba nawa ba ne? Na manyan mutane ne ke nan, masu babbar riga, ni mace sai na bakin tebur? Na wanke shi tas a gaban maƙwabtansa. Sau biyu yana buɗe baki, "Madam, ki tsaya ki ji," ni kuwa ina ɗaga murya. Daga ƙarshe ya ɗaga hannuwa sama, ya ce in ɗauka. Amma shi bai taɓa su ba. Buhu ya miƙo mini, ni na saka da kaina, ina ta jin daɗi wai na yi maganinsa.

Da na zazzage buhun a gaban Baba, sai ya ja da baya kaɗan. Ya daɗe yana kallon jan fentin.

"Wa ya ba ki waɗannan?"

"Ni na zaɓa. Ba su da kyau ne?"

"Kyau kam suna da shi. Malama, ba ki san alamar nan ba? Motar da aka mutu a cikinta, in aka farfasa ta, haka suke yi wa kayanta, su ware su gefe. Direbobin haya ne ke saye. Mai iyali ba ya sa wa motarsa."

Jikina ya yi sanyi, amma bakina bai yi ba. Na ce ƙarfe ƙarfe ne, ni mai bin Yesu ce, ba na tsoron fenti. Na ce ya faɗa mini gaskiya tsakaninsa da Allah, cikin waɗannan da masu ƙyallin nan na shago, wanne zai fi tsayar da mota da 'yata a ciki? Ya ce waɗannan, nesa ba kusa ba. Na ce to a sa.

Ya wanke su da kalanzir, ya sake wanke su, bakinsa yana motsi. Da ya gama ɗaurawa ya sauke jak, bai ba ni makulli ba. Ya shiga ya yi ta tattaka birkin har ya yi tauri, ya fito ya ce ni ma in shiga in taka. Ya ce sabon takalmi ba ya kamawa sai an yi masa haka, takun farko ƙasa yake tafiya kamar babu komai.

Birkin ya yi, ya yi har ya so ya yi yawa. Da na ɗora ƙafa motar za ta tsaya cak, ba ƙara, ba rawa, ba ko ɗan ƙis. Wannan shirun ne ya fara damuna. Wata nawa ina jin kukan ƙarfe, yanzu in na tsaya a Kwangila sai in ji motar ta yi tsit kamar ɗakin da na shigo aka katse hira. Sannan da safe, in na shiga kafin in tada inji, sai in tarar da birkin a taurare, kamar wani ya riga ni ya gama tattaka shi. Na faɗa wa Baba, ya ce iska ce ke zurarewa in mota ta kwana, duk tsohuwar mota haka take. Na yarda. Amma dai na fara duba kujerar direba kafin in zauna, ban san me nake nema ba.

Tambaya ɗaya ta tsaya mini a wuya. Kayan motar da ta yi haɗari, me ya sa suke sabbi fil? Bayan mako uku, wata Alhamis da aka tashi makaranta, na koma shagon. Na fara da ba mai shagon haƙuri, abin da ba na yi da sauƙi. Ya ba ni benci, ya sayo wa yarinyar biskit, ya ce ta je bakin ƙofa ta ci.

Ya ce mai motar wani ma'aikaci ne daga wajen Basawa, a wannan shagon ma ya sayi faifan. Ranar Asabar ce, yana sauri zai kai 'ya'yansa biyu biki ƙauye, yaran suna zaune a gareji da kayan bikinsu a jiki. Makanikensa ya ɗaura komai, ya sauke mota, ya ce a jira shi zai yi salla ya dawo ya ƙarasa. Mutumin ya ga taya huɗu a ƙasa, ya ga makulli rataye a ƙusa, ya ɗauka ya zuba yara ya ja. A mararrabar farko ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Tirela ta same su ta gefe, shi ya sa gaban motar bai yi komai ba. Babu wanda ya fita a cikinsu.

"Madam," in ji shi, "ƙarfen nan bai taɓa tsayar da komai ba sai a hannunki."

Yesu! Ban san yadda na tuƙo mu gida ba. Duk takun da na yi sai in ji ƙafar wani a ƙarƙashin tawa. Na tsaya wurin Baba na ce a cire su yanzu-yanzu, ba na so, ba zan ƙara ɗaukar 'yata a kansu ba. Ya ce tsofaffin nawa 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe, masu ƙyallin nan kuma shi ba zai sa mini ba ko zan yi ta faɗa har gobe. Zai aika Kano a kawo masu kyau, sai Litinin. Na so in ajiye motar, amma ɗora yarinyar a acaɓa ta Kwangila ya fi ba ni tsoro. Na ce kwana ɗaya ne, Juma'a kawai.

Ranar Juma'a da wuri ake tashi, ƙofar makaranta ta cika da iyaye da 'yan acaɓa. Na sa yarinyar a kujerar baya na rufe ƙofa, na shiga na tada mota. Wata malama ta leƙo ta taga tana tambayata zancen jarrabawa, muka ɗan yi magana. Ashe a lokacin nan yarinyar ta hango murfin kular abincinta ya faɗi ya gangara gaban mota, ta buɗe ɗaya ƙofar ta sulale. Ban ji ba, hayaniya ta yi yawa. Na yi sallama da malamar, na sa giya, idona yana kan titi ina neman sarari. Na samu, na ba ta wuta.

Motar ta zabura, sai kuma ta tsaya cak. Ƙirjina ya bugi sitiyari, inji ya mutu. Na ja tsaki, har na fara zagin motar. Sai na ga wani ɗan hannu ya ɗago ta gaban bonet, riƙe da murfin kula.

Na fito da rarrafe. Tana tsugune, rigarta ta taɓa lambar motar, tana kallona tana jiran in yi mata faɗa. A ƙasa, bayan tayoyin gaba, ga sawun jan birki guda biyu a cikin yashi, kowanne bai fi tafin hannu ba. Na rungume ta na yi kuka a gaban ɗalibaina, kukan da ban yi ba ko ranar da na haife ta.

Ban gan ta ba. Wannan zan faɗa a ko'ina. Ban gan ta ba, kuma ban tuna na ɗage ƙafata daga totur ba. Baba ya ce ƙafar uwa tana riga idonta gani. Maigidana ya ce kuloci na saki, mota ta mutu, sawun kuma na wata motar ne. Fastonmu ya ce in gode wa Allah in bar bincike. Na gode wa Allah, har yau ina gode masa. Amma ranar Lahadi a coci, da aka ce kowa ya yi addu'a a zuciyarsa, na sami kaina ina cewa na gode ga mutumin da ban san sunansa ba, wanda bai samu ya tsayar wa nasa biyun ba. Ban san ko ya halatta ba, ban kuma tambayi kowa ba.

Ranar Litinin kaya suka iso daga Kano. Baba ya zo har gida da su a bayan kekensa, ya tsaya a ƙofa.

"Malama, a cire?"

Yarinyar tana tsakar gida tana ɗaura igiyar takalminta, za mu makara. Na ce ya mayar da na Kanon, a bar mini waɗannan.