Aljihun da Gwaggo Ta Ɗinka Mini

Yau kwanana uku a Alƙahira ba fasfo. Yana cikin jakar da na manta a tasi. Jibi jirginmu zai tashi, mahaifiyata da aka yi wa aiki sai tambayata take yaushe za mu koma Kazaure.

Marigayiya Gwaggo nake ta tunawa. Ranar da zan fara ƙetare iyaka ta Babura, ta ɗinka mini aljihu a cikin singileti, tana tsinka zaren da haƙori, hannunta na warin daddawa.

Ta ce, "Ɗan nan, takardar tafiya a jikin fata take kwana."

Na yi dariya. Singiletin tana gida, wai a ganina sa ta ƙauyanci ne.

Allah Ya haskaka kabarinki, Gwaggo. Ya dubi mahaifiyar nan tawa, Ya karkato zuciyar direban.